Yarinya ta ci bashin karatu ban sani ba: muhawara a zauren Hausawan Ikko

Alhaji Ɗanladi Mile 12: Assalamu alaikum jama'ar zaure. A yi haƙuri da tsawon saƙo, ni nake faɗa, ƙaramin yarona yake rubutawa. Jiya bayan isha'i ina zaune ina lissafin kwandunan tumatir da suka ruɓe mini, don kwana biyu motar ta yi a tsaye bayan Jebba, sai babbar 'yata ta shigo ta durƙusa ta miƙo mini wayarta, wai in ga alat. Naira dubu 20. Na ce wa ya turo miki? A raina har na fara zargin wani saurayi. Sai ta ce gwamnati ce. Ashe tun farkon zango ta cike bashin karatun nan na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, uwarta ta sani, ni aka bari a duhu. Sun biya mata kuɗin makaranta, yanzu kuma sun fara ba ta na kashewa. Wallahi ban runtsa ba. Shekarata 31 a kasuwar nan ban taɓa taka banki da sunan rance ba, ga yarinyar da ko kayan ɗaki ban fara tara mata ba ta kwana da bashin gwamnati a wuya. Ku gaya mini tsakani da Allah, da ruwa a cikinsa? In ba a biya ba wa za a kama, ni ko ita? In ta yi aure ta zauna a ɗakinta fa?

Iliya Alaba Rago: Alhaji kwantar da hankalinka ka ci tuwonka. Wane bashi? Rabonmu ne na arzikin ƙasa. Waɗanda suka karɓi na noman shinkafa zamanin Buhari, mutum nawa ka ga an ɗaure? Ta ci gaba da karɓa, in da hali ma ƙanenta ya cike.

Usman Akoka: Wa alaikumus salam Baba. Ni ma ina karɓa, shekarata ta biyu ke nan a ciki, bari in faɗa muku abin da na sani. Babu ruwa ko sisi, abin da ta karɓa shi za ta mayar. Kuɗin makaranta ba ya biyowa ta hannun ɗalibi, kai tsaye ake tura wa makarantar. Dubu 20 ɗin wata-wata ita ce ke shigowa asusunta, kuma ba dole ba ce, mutum yana iya neman na makaranta kaɗai ya bar na kashewa. Ba a fara neman biya sai ta gama karatu, ta gama bautar ƙasa, an ƙara shekara 2 a kai. Daga nan in tana aiki a dinga cire kashi 10 cikin 100 na albashinta, in sana'ar kanta take yi ta dinga ba da kashi 10 na ribar wata. Sunanku ba ya ciki Baba. Da lambar JAMB ɗinta da NIN da BVN ɗinta ta cike, nata ne ita kaɗai.

Malam Habibu Agege: Iliya, tun kafin in amsa wa Alhaji, kai zan fara da kai. Goge maganar nan. Abin da aka ba ka da sunan rance, ka sa hannu a kan za ka mayar, bashi ne ko a hannun wa ka karɓa. Gwamnati ba uban kowa ba ce, dukiyar jama'a ce a hannunta, har da marayu a masu haƙƙi. Wanda ya ci bashin mutum ɗaya yana iya zuwa ya roƙe shi yafiya. Wanda ya ci na mutum miliyan 200, ƙofar wa zai buga?

Alhaji, in dai yadda yaron nan ya bayyana ne, babu ƙari a kan uwar kuɗi, to rance ne mai kyau, babu riba a ciki, halal ne. Sai dai halaccinsa bai sauƙaƙa nauyinsa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. An kawo wa Manzon Allah (SAW) gawa ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauka. Saboda haka rashin barcinka na jiya ba laifi ba ne, alamar zuciya mai rai ce.

Iliya Alaba Rago: Allah gafarta Malam, ni fa raha nake. Amma dai a bar ni in ce waɗanda suka kwashi biliyoyi suna barci har da minshari.

Malam Habibu Agege: Kabarinsu daban, naka daban.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Alhaji Ɗanladi, ni uwar yarinyar nan nake goyon baya, ka yi haƙuri. Ka tambayi kanka me ya sa suka ɓoye maka. Sun san halin da kasuwa take ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023, sun ga kana lissafin asara kullum, yarinya ta ji nauyin ta zo ta ce Baba kuɗin rajista. Ba rashin kunya ba ne, tausayi ne.

Kuma bari in faɗi abin da ke ci mini rai, don duk wanda ya haihu a garin nan ya san shi. 'Ya'yanmu ba su da gida biyu, ko ɗaya ma ba su da shi. Ɗana a nan Idi-Araba aka yanke masa cibiya, a nan ya yi firamare da sakandare, Yarbanci a bakinsa kamar ɗan Mushin. Da ya shiga makaranta ya ga abokansa suna cike basari, wato tallafin karatu na jiha, ya je, aka ce na 'yan asalin jiha ne. Ban ga laifinsu ba, kowace jiha haka take yi, har tamu. Na ce to ai muna da tamu. Na haɗa masa kuɗin mota, kwana ɗaya da wuni yana hanya, ya isa ƙaramar hukumarmu neman takardar shaidar asali. Aka ce sai mai unguwa ya sa hannu. Mai unguwa ya dube shi sama da ƙasa ya ce ɗan gidan wa? Ya faɗi sunan kakansa. Aka aika a nemo wani tsoho da zai shaida shi, tsohon ya tafi kasuwar ƙauye. Sati guda yaron nan yana kwana a shagon ɗan'uwan babansa. Da takardar ta fito, an rufe karɓar sunaye. Ya dawo mini da takarda da zazzaɓi. Shi wannan bashin, ko me za a ce a kansa, bai tambayi ɗana garin kakansa ba.

Garba (mai kula da zaure): Hajiya ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Amma don Allah kowa ya tsaya a kan tambayar Alhaji, kar mu koma rigimar indijin, mun yi ta wancan watan har mutum biyu suka fita.

Barista Nura: Alhaji, ranka ya daɗe. Abin da Usman ya faɗa daidai ne, zan ƙara ta fuskar doka, don mutane da yawa tsohuwar dokar suke riƙe da ita a ka. Dokoki biyu aka yi. Ta farko Shugaba Tinubu ya sa mata hannu ranar 12 ga Yuni 2023, ƙudurin Femi Gbajabiamila ne, wanda ya daɗe yana wakiltar Surulere. Waccan ta ce sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira dubu 500 a shekara ba, kuma sai ka kawo masu tsaya maka mutum 2, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Ka ga ɗan mai gadi ko ɗan mai shayi ina zai samo su? Shi ya sa aka soke ta kafin a ba kowa ko kwabo, aka yi sabuwa, aka sa mata hannu ranar 3 ga Afrilu 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu. Sabuwar ta cire sharaɗin masu tsayawa da na kuɗin shiga. Ke nan babu inda za a zo Mile 12 a kama ka.

Maganar aure kuwa, bashin yana bin ta ne, ba ya komawa kan miji. In lokacin biya ya yi ba ta aiki, ba ta da wata hanyar samun kuɗi, doka ta ba ta damar yin takardar rantsuwa a kotu ta nemi a ɗaga mata ƙafa. A lura, ɗaga ƙafa na ce, ba yafewa ba. Wanda kuma ya yi rantsuwar ƙarya, a nan ne maganar gidan yari take shigowa. Yafewa tana zuwa ne in mutum ya rasu ko wata ƙaddara ta same shi da ba zai iya biya ba.

Wani abu kuma da yara ke danna "na yarda" ba su karanta ba: akwai izinin da mai nema yake bayarwa, wanda ake kira GSI, tsarin da Babban Banki ya fito da shi a 2020. Ma'anarsa in ka ƙi biya, ana iya bin BVN ɗinka a ɗebi kuɗin daga duk asusun da kake da shi a kowane banki. Iliya, zamanin cin bashi a canza gari ya wuce.

Iliya Alaba Rago: To sai a koma ajiya a ƙarƙashin katifa.

Sadiq Broad Street: Alhaji kai ɗan kasuwa ne, bari in yi maka magana da yaren kasuwa. Farkon 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a shekarar. Yanzu wani ya ba ka naira dubu 100 yau ya ce ka dawo masa da dubu 100 cif bayan shekara 7 ko 8, ba ƙari, kuma kaɗan-kaɗan. Kwandon tumatir nawa dubu 100 take saye yau, nawa za ta saya ran nan? Ni da ke zaune a kan canji kullum, na rantse ban taɓa ganin kuɗi mai arha irin wannan ba. Rabinsa kyauta ne, sunansa ne kawai bashi. Ni da ina da ɗa a jami'a, ko ina da kuɗin biya, shi zan sa ya karɓa, nawa in juya su.

Malam Habibu Agege: Nan kuma ban bi ka ba Sadiq. Mai hali ya je ya tsaya a layin mabukata don ya juya nasa, ko da doka ba ta hana ba, mutunci ya hana.

Dakta Maryam: Ina karanta ku tun ɗazu, kowa yana tambayar halal ne ko haram, da arha ko da tsada. Ba wanda ya tambayi me ya sa 'yar mai tumatir take bukatar bashi kafin ta yi karatu a jami'ar gwamnati. Ku dubi jerin abubuwan. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar bashi. A watan Yuli Jami'ar Legas ta ɗaga kuɗinta daga wajen dubu 19 zuwa sama da dubu 100, na likitanci ya kai dubu 190, sai da ɗalibai suka fito titi aka rage wani abu. Jami'o'in tarayya da dama, har da na Arewa, duk suka ɗaga a tsakanin nan. Ban zargi jami'o'in ba, ina koyarwa, na san kuɗin wuta kaɗai abin da yake ci. Abin da nake cewa, gwamnati ta zare hannunta daga ɗaukar nauyi, ta ɗora wa yaro mai shekara 18, sannan ta ce a tafa mata don ta ranta masa. Shi ya sa ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, tun farko ta ce a mayar da shi tallafi ga 'ya'yan talakawa. Kuɗin asusun ma daga ina? Kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya take karɓa dokar 2024 ta ware masa. Wato kuɗin Alhaji ne aka ranta wa 'yar Alhaji.

Sadiq Broad Street: Dakta, da girmamawa, ku da kuka rufe jami'o'i wata 8 a 2022, yaran nan suna gida suna tallan data, yau ku ne masu tausayinsu?

Dakta Maryam: Wata 8 ɗin nan ba albashi muka yi su, Malam Sadiq. Kuma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da take gina azuzuwan da yaran suke zama a ciki, daga gwagwarmayar ASUU ta fito. Amma ba wannan ake yi ba. Yi lissafin da kanka. A ƙaddara kuɗin makarantarta dubu 150 ne a shekara, ta karɓi dubu 20 sau 12, dubu 240 ke nan. Jimla dubu 390. Shekara 4, miliyan 1 da dubu 560. Ta fito ta samu aiki a kan mafi ƙarancin albashin da Jihar Legas ta sa a 2024, dubu 85. Kashi 10 shi ne dubu 8 da 500. Sama da shekara 15 tana biya. Ta kai shekara 40 da 'ya'ya a sakandare tana biyan kuɗin indomin da ta ci a aji ɗaya.

Usman Akoka: Malama, lissafinku gaskiya ne, amma a bar ni in faɗi nawa. Kafin bashin nan daga Agege nake zuwa kullum, mota uku, in sauka Oshodi in kama ta Yaba in hau ƙaramar da ke shiga Akoka. Ranar da babu kuɗin mota babu lakca. Akwai jarrabawar gwaji da ta wuce ni ina tsaye a Oshodi da naira 200 a aljihu, kwandasta ya ce 500 ko in sauka. Zangon da aka ƙara kuɗi saura ƙiris in ajiye karatun in koma wajen yayana a mayankar Oko-Oba. Dubu 20 ba ta kai ni ƙarshen wata, ranar 15 ta ƙare, wani watan ma ba ta zuwa a kan lokaci. Amma da babu gara ba daɗi. Tallafin da kuke faɗa na fi kowa son sa, sai dai ni zangon nan zan biya rajista, ba ranar da gwamnati ta shiryu ba.

Baba Audu Obalende: Yara ku ba ni wuri in sa baki, jikata ce take danna mini. Ni na ga jiya. A 1978 ina aiki a Apapa lokacin da ɗalibai suka yi "Ali Must Go", Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilimi na tarayya, Obasanjo yana mulki. A kan me? Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci. An kashe ɗalibi a nan Akoka, an kashe wasu a Samaru. Kwabo 50! A lokacin ɗan Arewa in ya samu jami'a jiharsa ce take biya, har da kuɗin littafi da na mota. Ƙanena da sikolashif ya gama Zariya, babanmu bai san ko nawa ne kuɗin makaranta ba har ya koma ga Allah.

Kuma wannan bashin ba yau aka fara ba. Zamanin Gowon, 1972, an kafa hukumar ba ɗalibai rance. Mutane suka karɓa, da yawa suka ƙi biya, cikinsu har da waɗanda suka zama manya a ƙasar nan, abin ya mutu. A 1993 aka sake yin dokar bankin ilimi, shi ma bai je ko'ina ba. Irin maganar Iliya ce ta kashe na farko. Dakta tana da gaskiya, da kyauta ya kamata a ba ɗan talaka. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In waɗannan ba su biya ba, jikokina za su zo su tarar an rufe.

Iliya Alaba Rago: Baba na tuba, kowa ni yake duka yau.

Zainab Ojo: Salam. Ni ɗaliba ce, ban cika magana a nan ba, amma Baba Alhaji don Allah ku sa ta duba abu ɗaya. Ni sai da na biya kuɗin makaranta da kaina, mamata ta sayar da zobenta, don an ce za a rufe rajista kuma bashin bai fito ba. Bayan wata 2 na shiga shafina na ga an rubuta an tura wa makaranta kuɗina. Ke nan sun karɓa sau biyu. Na yi ta zarya ofishin kuɗi, yau a ce mai sa hannu ba ya nan, gobe a ce in kawo rasit na asali da kwafi 3 da takardar banki. Sai da zango ya ƙare aka mayar mini. Ba ni kaɗai ba ce, a 2025 har hukumar wayar da kai ta NOA da ICPC mai yaƙi da cin hanci sun yi magana a kan makarantun da ake zargi da karɓar kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba. Abin tsoron, ko an mayar maka ko ba a mayar ba, a sunanka bashin yake. Ta ɗauki hoton duk abin da shafin ya nuna, ta ajiye rasit. Kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema, ba ya sabunta kansa.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Allah sarki 'yata. An karɓo zoben?

Zainab Ojo: A'a Mama, kafin kuɗin su dawo zinari ya tashi.

Alhaji Ɗanladi Mile 12: Na sa an karanta mini duka, har na Iliya. Allah ya saka da alheri. Barista ka cire mini ƙaya ɗaya, amma ka bar ɗaya. Ka ce ba za a kama ni ba. Ni ba kamun ɗan sanda nake tsoro ba. Yarinya ce, gobe wani zai zo neman aurenta, ya ce ba ya son ta yi aiki. Ta zauna ba albashi, gwamnati ta ɗaga mata ƙafa, shekara ta bi shekara, bashi yana nan a rubuce. Ni na haife ta, ni ya kamata in biya mata karatu, gazawata ce ta kai ta can. Malam Habibu, a wajen Allah wa zai amsa?

Malam Habibu Agege: Ita ta karɓa tana baliga mai hankali, a wuyanta yake Alhaji, ba naka ba, ba na miji ba. In ba ta da shi babu zunubi a jinkiri, aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Jinkirin mai hali shi ne zalunci. In kai ko mijin kuka biya mata, ya sauka, kuma kuna da lada. Shawarata, duk wanda ya zo neman aurenta a gaya masa tun a zaure, kafin a yanka sadaki. Kuma daina cewa gazawarka, motar da ta tsaya a Jebba ba kai ka tsayar da ita ba.

Dakta Maryam: Ko kuma a gaya masa tun a zaure cewa za ta yi aiki. Me take karanta ma, Alhaji?

Alhaji Ɗanladi Mile 12: Yaron ya ce wai kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, masu duba jini.

Dakta Maryam: To wannan ai ba ta zaman ɗaki ba ce. Shekara 5 ne karatun ma, ba 4 ba, a ƙara a lissafina. Matanmu na Agege da Mile 12 suna neman mace 'yar'uwarsu da za ta ɗebi jininsu ta yi musu bayani da Hausa.

Alhaji Ɗanladi Mile 12: Shekara 5 kuma? Wannan ma ba a gaya mini ba. To ga abin da na yanke. Na makaranta ta ci gaba da karɓa, ba ni da shi a dunƙule. Na kashewa kuwa daga shekara mai zuwa ta bari, zan dinga ba ta dubu 5 duk Juma'a daga ciniki, in Allah ya hore. Na sa ta sayo littafi mai bango mai tauri irin wanda nake rubuta bashin 'yan kiri, duk abin da ya shigo ta rubuta da kwanan wata, ni da uwarta mu sa hannu a ƙasa. Usman, ɗana, in ka samu sarari ranar Lahadi ka biyo ta kasuwa, layin 'yan tumatir, ka tambayi rumfata, ka nuna mini shafin nan da idona.

Usman Akoka: In sha Allahu Baba, bayan azahar.

Iliya Alaba Rago: Alhaji tunda za a je, nawa kwando yau? Madam ta ce kar in dawo gida hannu biyu.